Farin Zare a Ƙafar Ragon Suna

Tun tasowata a Tambuwal ban iya komai ba sai rubutu. Na gwada noma, gero ya ƙi ni. Na gwada fatauci, jakin ya fi ni sanin hanya. Amma a ba ni takarda da alƙalamin kara, to nan kam ba na sunkuya wa kowa. Lokacin Nasara bai zo ba, littafi ba ya samuwa sai wani ya zauna ya juye shi da hannu, baƙi bayan baƙi, kuma aikina ke nan.

Wata shekara wani malami baƙo ya sauka garinmu da babban littafin fiƙihu wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ara mini in juya, amma ya ce ranar da ruwan farko ya sauka zai karɓi abinsa ya wuce. Na ce ba komai. Ina da wata dabara da nake taƙama da ita: wani guntun kututturen kirya da na ajiye a zaure, ina kafa gwiwar hannuna na dama a kansa, layina ya miƙe sak. Sauran marubuta a cinya suke rubutu, ni kuwa ina yi musu kallon 'yan koyo.

Na ci rabin littafin sai ƙaramin yatsana da na kusa da shi suka fara mutuwa. Da farko kamar kiyashi na yawo a ciki, daga baya ko tsinke na soka ba na ji. Alƙalami ya fara juyawa a hannuna. Matata ce ta fara faɗa.

"Malam, wanga hannu naka ba daidai yake ba. Jiya ma ludayi yas suɓuce maka."

Na ce ta kula da tukunyarta. Amma tsoro ya kama ni ƙwarai, don in hannun nan ya tafi, ni ma na tafi. Na je wurin wanzami a ɓoye. Ya duba ya ce, "Mataccen jini na, Malam. Ƙaho fuɗu ya ishe shi." Ya kafa mini huɗun, ya ƙara huɗu, har kafaɗata ta koma kamar ƙwaryar da aka yi wa zane. Jini ya fita, yatsu suna nan jiya i yau.

Ana haka yayata da ke aure a Kebbe ta aiko an yi mata jika, in zo suna. Kwana biyu na yi a kan jaki. Da safe aka taru, aka kayar da rago, kuma da yake ni ne malamin dangi, ni aka miƙa wa wuƙa. Na sunkuya, na yi bisimilla, wuƙa ta zame daga hannuna ta faɗi ƙasa tun ban taɓa wuyan ragon ba. Limamin unguwa ya ɗauka ya yanka. Ni kuwa na koma gefen rumbu na zauna, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wani tsohon mahauci ne aka kira ya yi fiɗa, gajere, haƙoransa ba su fi uku ba. Ya rataye ragon a reshen tsamiya, yana aiki yana satar kallona. Can ya goge hannu ya matso.

"Allah shi gafarta Malam, miƙo hannun ga in gani."

Raina a ɓace yake, kuma a lokacin, Allah ya yafe mini, ba na ganin mahauci a bakin komai. Na ce, "Kai da nama kas sani, ina ruwanka da hannun mutum?"

Ya ce, "Mutum ma nama na, Malam."

Sai kawai ya kama hannun, ya lalubi wani ɗan kwari a bayan gwiwa, ya danna da babban yatsa. Wani abu ya tsarga mini tun daga nan har ƙarshen ƙaramin yatsa. Na ƙwala ihu, mata suka leƙo ta kan danga. Shi kuwa tsohon dariya yake har da riƙe ciki.

"Alhamdu lillahi, jijiya tana da rai! Taso ka gani."

Na bi shi, ban san dalili ba. Ya tsaga ƙafar ragon ta gaba, ya buɗe naman a hankali da bakin wuƙa. Ya ɗago wata jijiya, ya matsa ta, jini ya ɗigo.

"Dibi wagga. Ƙofa gare ta, nan jini ka bi, ita wanzaminka ka nema. Wagga mai tauri kau agara ta, ita ka jan ƙashi. To dibi wagga."

Wani farin zare ne, kamar abawar da matata ke kaɗawa, kwance a tsakanin nama. Ya yanke shi ya nuna mini bakin. Babu ƙofa, babu jini.

"In dabba na da sauran motsi nit taɓa wanga zare da wuƙa, sai ƙafa ta harba. Tun ina saurayi nika ganin hakanan. Ga mutum, nan bayan gwiwa yaka ratsawa, ba nama bisanai, fata ɗai. Ni ma ya taɓa yi man, sa'ad da nika jingina ga iccen sara. Kai mi kaka danne shi da shi?"

Kututturena ya faɗo mini a rai. Na yi shekaru ina karanta abin da malamai suka rubuta a kan gaɓoɓin alwala, ban taɓa sanin abin da ke ƙarƙashin fatar da nake wankewa ba. Na tsuguna a gaban ragon nan, rigata tana shan jini, ina ta tambaya kamar sabon ɗalibi. Ya sa ni na taɓa wuyan hannuna na ji mai harbawa, ya nuna mini 'yar'uwarta a jikin ragon. Wallahi na manta da kunyar wuƙa, daɗi kawai nake ji.

Maganinsa bai fi a faɗa a numfashi ɗaya ba: in rabu da kututture, in naɗe gwiwar da guntun buzu, in zan kwanta in ɗaura karan dawa kada hannun ya lanƙwashe.

Da na koma gida na gaya wa matata. Ta shiga zaure ta mirgino kututturen, a ranar, da shi aka dafa tuwo, kuma ban taɓa ganin ta hura wuta da fara'a irin ta ranar ba. Na koma rubutu a cinya kamar 'yan koyon da nake rainawa, layi biyu in huta, ina duban gabas ko hadari ya taso. Mako ya bi mako. Ran nan na sa hannu a tuwo, miya ta ƙona mini ƙaramin yatsa. Na daka tsalle ina cewa, "Ya ƙone! Ya ƙone!" Matata ta zaci na zautu, da ta gane sai ta rangaɗa guɗa.

Na kai ƙarshen littafin iska tana kawo ƙamshin ruwa. Al'adarmu ce marubuci ya rufe da addu'a, ya roƙa wa kansa gafara, da iyayensa, da malamansa. Na jera malamaina su uku, na tsaya, na sake tsoma alƙalami na ƙara na huɗu: mahaucin Kebbe, wanda ya koya mini hannuna.

Bayan kaka na ɗauki littafin na koma Kebbe. Na same shi a rumfarsa, na gaishe shi da Baba, na buɗe shafin ƙarshe na karanta masa, na fassara. Ya daɗe yana kallon baƙaƙen da bai san ko ɗaya ba, ya sa gefen riga ya share ido. Sannan ya ɗago, haƙoran nan uku a waje.

"To Malam, ragon fa? Ai shi yab buɗe muna littafin."