Lambar da aka ba Baba Agali

Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, ranar da aka raba irin gero ta hanyar jifan 'ya'yan lido a Agiye. Cikin watan Mayu ne na 1985, bayan daminar 84 ta ƙone ƙurmus. Mutane sun cinye abin da ke rumbu, sun cinye irin da suka ɓoye don shuka, wasu har sun koma tonon gidan tururuwa. Ni a lokacin ina riƙe da makullin mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a wani furoje, shiri ne na taimakon manoma. Don ku gane, ku da kuka zo bayanmu: shef ne bisa kowa, shi ke sa hannu, sai malaman gona, ni kuma can ƙasa, in buɗe ƙofa, buhu ya shiga ko ya fita, in rufe. Ba a tambayata ra'ayi, ni ma ban saba bayarwa ba.

Kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo mana buhu arba'in da huɗu na iri mai saurin nuna, garuruwan da muke kula da su kuwa goma sha ɗaya ne. Ko ɗan lakol, ƙaramin ɗan makaranta, ya san huɗu-huɗu ke nan. Amma da masu gari suka taru gindin dogon yaro a bakin buro, wato ofishinmu, sai gardama ta kaure, manyan garuruwa suna cewa ba za a yi musu kai ɗaya da ƙanana ba. Shef ya bar su suka gaji don kansu, sannan ya miƙe.

"Tunda kun ƙi jituwa, a bar ma Allah shi raba," in ji shi. "Ƙuri'a za a yi."

Nan take gardama ta mutu. Kun san mutanenmu da ƙuri'a. Ko a watanda, in an kasa nama aka jefa tsinke, wanda kashinsa ya zo da ƙashi ba ya buɗe baki. Sai dai shef bai kawo tsinke ba. 'Ya'yan lido biyu ya zaro daga aljihu, kowane da fuska shida. Ya ce za a jefa su tare a haɗa idanunsu, abin da zai fito daga biyu ne zuwa sha biyu, lamba goma sha ɗaya cif, kowane gari da tasa. Jifa ɗaya, buhu ɗaya. Ya rubuta lambobin a allo, wai yana bin jerin garuruwa a kan hanya. Bakwai ta faɗa garin iyayen matarsa. Biyu ta faɗa wani ɗan ƙauye na Buzaye da suka zauna noma tun da farin 73 ya kashe musu dabbobi, mai garinsu wani tsoho, Baba Agali.

Ni kuwa na san wannan wasa. Da ƙuruciya na yi shekara uku a Abijan ina shara a ɗakin caca na wani babban otel, akwai teburin da ake jifa da 'ya'yan lido biyu haka. A can na koyi cewa mai gidan caca ba ya bukatar maguɗi, lissafi ke yi masa satar. Hanya talatin da shida ce 'ya'yan nan biyu ke iya faɗuwa. Shida daga ciki bakwai suke bayarwa: ɗaya da shida, biyu da biyar, uku da huɗu, da juyinsu. Biyu kuwa hanya ɗaya tak take da ita, sai kowane ya nuna ido ɗaya. Ni kaina na bar agogona da rediyona a irin wannan wasa a bayan otel ɗin. Da na dawo gida na ce wa kowa dako na yi a bakin teku, har limamin unguwarmu ya ba ni 'yarsa.

Na matsa kusa da shef na yi ƙasa da murya. "Shef, bakwai ta hi kowace hita. Biyu da sha biyu sai da ƙyar."

Bai yi mamaki ba ko kaɗan, a nan na gane da saninsa ya tsara abin. Ya dube ni yana murmushi. "Kai kuma ina kas san wanga? Ko in tambayi surukinka liman inda ɗiyanshi ke koyon caca? Tahi ka buɗe mangaza."

Na tafi na buɗe mangaza. Ina jiyo su aka shafa fatiha a kan ƙuri'ar.

Aka fara jifa a faifai. Bakwai, shida, takwas, bakwai. Ni ke jawo buhunan ina jingine wa kowa nasa. Baba Agali yana gaba a kan buzunsa, jakinsa ɗaure a gefe da igiyar ɗaurin kaya sabuwa. An yi jifa ashirin, lambar biyu ba ta leƙo ba, sai na ji yana ce wa na kusa da shi cikin fara'a: "Ta jima ba ta hito ba, yanzu kam tana bisa hanya. Kamar ruwan bana ne." Wallahi ji na yi kamar an zuba mini wuta. Ɗan lido ba ya tuna abin da ya wuce, ba ya jin tausayin wanda ya daɗe yana jira.

A jifa ta talatin na kasa daurewa, na ɗaga murya: "Jama'a, ƙuri'ag ga ba daidai take ba!"

Ba shef ne ya tsawata mini ba. Baba Agali ne ya juyo. "Ɗana, yi shiru. An shahwa hwatiha. Mai ƙin ƙuri'a da Allah yake ja, ba da mutum ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau. Mutum ya ɗauki tsoron Allah na talakawa ya yi igiya da shi ya ɗaure su, yana tsaye yana gyara hula. Garin surukan shef ya tashi da buhu tara. Baba Agali bai samu ko ɗaya ba. Ya naɗe buzunsa, ya je har gaban shef ya yi godiya, ya kora jakinsa ba kaya.

Damina ta yi kyau a shekarar. Cikin watan Agusta aiki ya bi da ni ƙauyensu. Ko'ina gero ya rufe mutum, gonakinsu kuwa ciyawa ce zalla, mazan duk sun tafi ƙwadago a gonakin garin da aka ba lambar bakwai. Baba Agali ya gane ni, ya shimfiɗa mini tabarma.

"Ran nan ka so ka hwaɗi wani abu na hana ka. Mine ne?"

Na zana masa gida talatin da shida a rairayi, na nuna masa na bakwai, na nuna masa nasa guda ɗaya a kusurwa. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har sau biyu. Sannan ya ɗago.

"Tun yaushe kas san haka?"

"Tun kahin a shahwa hwatiha, Baba."

Bai zage ni ba, da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya sa tafin hannu ya shafe zanen, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce in sha, hanya da nisa.

Shef ya samu ƙarin girma a shekarar da ta biyo. Ni na yi shekara ashirin da wani abu a wannan aiki bayan nan, abin da na riƙe shi ne: duk ranar da babba ya ce a bar wa sa'a ta raba, ku fara tambayar wa ya raba lambobin. Kuma in kun san wani abu, ku faɗe shi tun mutane ba su ɗaga hannu sun shafa ba. Ni na jira jifa talatin don in tsare sunana, ƙauye guda ya ƙare damina ba shuka.