Fuskar Kwandon Malam Sada

Duk wanda ya taɓa sayen tumatir a kasuwar Kwanar Gafan, ko bai san sunan Malam Sada ba, ya san kwandonsa. Mutum ne ɗan siriri, marar yawan magana, gonarsa na bakin kanal tsakanin Kadawa da Kura. Yana ƙarami aka jawo ruwan Tiga zuwa yankin, a kan idonsa mahaifinsa ya bar jiran damina ya koma noman rani. Shi kuma ya tashi da shinkafa da damina, tumatir da rani, har gemunsa ya yi fari bai canza ba. Bai yi boko ba, bai tara dukiya ba, bai taɓa yin rigimar ruwa da maƙwabcin gona ba. Abin da Allah ya ba shi ɗaya ne, ya iya yi wa kwando fuska.

Fuska ita ce jeren da ake yi a saman kwando. A zaɓo manya, jajaye, masu sheƙi, a jera su kai da kai, ƙanana da waɗanda rana ta dafa su yi zamansu a ƙasa. Kada mai karatu ya yi saurin kiran wannan algus, don ni dai ba zan kira shi haka ba. A kasuwar nan mai saye ya sani, dillali ya sani, har direban tirelar da zai kai kayan Legas ya sani. Mai saye yana duban fuska ne yana ragewa a ransa. Kwandon da ba fuska kuwa kamar mutum ne ya je ɗaurin aure ba hula. To, a wannan aiki hannun Malam Sada daban yake. In ya gama jere, Sammani dillali, abokinsa tun na ƙuruciya, yakan tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Sada, wannan ai sai a ji tausayin yanka shi."

'Yarsa ta fari ita ce Khaulat. Da yake 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba. Kunyar ɗan fari a gidansu ba abin wasa ba ce. "Yarinyar nan" yake cewa, in kuma tana kusa sai ya yi gyaran murya ta gane da ita ake. Magana tsakaninsu ta bakin mahaifiyarta Sa'a take bi, ita ma Sa'ar da kyar take isarwa. Ƙanensa ne ya ɗauki yarinyar ya sa ta makaranta a Kano, ta yi ta wucewa har ta gama jami'a. Daga nan ta samu tallafin karatu zuwa ƙasar Holan, digiri na biyu a kan yadda ake tafiyar da kasuwancin abinci da amfanin gona tsakanin ƙasashe. Ranar da labarin ya iso, mutane suka cika ƙofar gida suna yi masa barka. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana cewa, "Ai ta ƙanena ce." Amma a daminar nan ba wanda bai lura ba, Malam Sada ya riƙa yin waƙa a gona.

Rannan Sa'a ta kawo masa saƙo. Khaulat za ta zo aikin bincike, tare da malamarta Baturiya da wakilin wani kamfanin sarrafa tumatir. Tsarin da ta rubuta shi ne kamfanin ya riƙa saye kai tsaye daga ƙungiyar manoma, a ware masu kyau daban, na biyu daban tun daga gona, ba sai an zazzage kowane kwando ba. Abin duka a kan amana ya tsaya. In wakilin ya gamsu, da ƙauyensu za a fara gwaji. Ita ta ba su sunan mahaifinta, ta ce in ya shiga kowa zai shiga.

"Ta ce a roƙe ka, Malam," in ji Sa'a, "ka ajiye musu tsinkar ranar yadda take. Kar a yi fuska."

Ya ce, "To."

Kuma har ga Allah da gaske ya faɗa. Sai dai a shekarar tsutsa ta taɓa gonar. Da safiyar ranar da aka gama tsinka, ya tsaya ya dubi abin da ya samu, masu kyan ba za su cika kwanduna da yawa ba. Ya dubi sauran, wasu sun tsage, wasu da tabo. Ya tuna baƙi ne za su taso tun daga Turai saboda 'yarsa. Shi da bai taɓa ce mata sannu da ƙoƙari ba, bai taɓa dafa kanta ba, yau kuma ya tarbi malamarta da kwando tsirara? Zuciyarsa ta ƙi. Ya tsuguna, hannu ya kama abin da ya saba. Ya zuba na ƙasa a ƙasa, ya raba masu kyan nan a kan kwandunan duka, yana goge kowanne da gefen rigarsa. Tunda yake bai taɓa yin jere irin na ranar ba. Ya jera kwandunan a inuwar mangwaro, ya shiga gida ya sa babbar riga.

Da hantsi mota ta tsaya a bakin kanal. Manoman ƙauyen duk sun hallara. Khaulat ta fito, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Da ta miƙe idonta ya faɗa kan kwandunan, sai ya ga murmushinta ya ɗauke. Ita ai a gidan ta tashi, ta san hannun ubanta. Baturiyar kuwa sai ɗaukar hoto take yi tana yabawa. Wakilin kamfanin ya zagaya, ya ɗauki ɗaya ya latsa, ya yi magana da Turanci.

"Baba," in ji Khaulat a hankali, "ya ce haka yake har ƙasa?"

Wannan tambaya Malam Sada ya amsa ta a kasuwa fiye da yadda zai iya tunawa. Amsarta ɗaya ce, kowa yana faɗa, ba mai yarda, ba kuma mai jin haushi. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi.

"Har ƙasa."

Ta dube shi. Shi ne karo na farko da suka haɗa ido tun tana rarrafe. Ba za ta ƙaryata mahaifinta a gaban jama'a ba, kuma dole ta fassara. Ta juya ta faɗa musu da Turanci, da bakinta. Wakilin ya gyaɗa kai da fara'a, ya sa direba ya shimfiɗa tampol, aka kifar da kwando ɗaya a kai.

Jajayen nan suka gangara gefe. Abin da ya rage a tsakiya ba sai an faɗa ba. Ƙanana, tsagaggu, wasu sun fara ruwa, ga wata tsutsa tana tafiyarta ba ruwanta. Wani daga cikin manoman ya yi dariya, don a wurinsa ba wani abu ba ne. Baƙin ba su yi dariya ba. Ba su ma dubi Malam Sada ba, Khaulat suka duba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ƙona masa rai. Kunya ta lulluɓe shi har ya ji babbar rigar ta yi masa nauyi. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Khaulat ta tattare mayafinta, ta tsuguna a bakin tampol ɗin ta fara warewa, masu kyau nan, na biyu can, kamar dai abin da aka zo yi ke nan. Ya tsaya yana kallon bayan hannunta. Can ya tuɓe babbar rigar, ya tsuguna a ɗaya gefen, suka ware kwandon tare ba wanda ya ɗaga kai.

Wakilin ya yi godiya sosai, ya ce za su yi shawara. Shawarar ta fito bayan sallah, aka fara gwajin da wata ƙungiya a Bunkure. Khaulat ta koma ta ƙarasa karatunta, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko ta bakin Sa'a. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Shi dai yakan tuna hoton da Baturiyar ta ɗauka, ya ce a ransa yanzu kunyarsa har Holan ta je.

Da rani ya zagayo, ya kai tsinkar farko kasuwa. Sammani ya leƙa kwandunan ya ja da baya. Ba jere, ba sheƙi, manya a nasu kwando, ƙanana a nasu, yadda suka faɗa haka suka zauna. Masu saye suka zo, suka dubi kwandon ƙananan, suka ce in sama haka take to ƙasa sai Allah, suka taya da wulaƙanci.

"A kifar ku gani," in ji Malam Sada.

Ba wanda ke da lokacin kifarwa, tireloli na jira. Ya sayar da hasara, mako ya zagayo ya sake kawowa haka.

Sammani ya kasa haƙuri. Ya ja shi gefe, amma muryar dillali ba ta san gefe ba, rabin rumfar na ji.

"Sada, ka haukace ne? Hannun da duk kasuwar nan ba irinsa! Kamfanin ma ya tafi Bunkure, wa kake yi wa? Wa ya sa ka wannan aiki?"

Malam Sada ya daɗe yana kallon kwandon. Mutanen rumfar sun san shi, sun san gidansu, sun san sunan da ba ya faɗa. Ya ji kunnuwansa sun yi zafi kamar ranar tampol.

"Khaulat," ya ce. "Na sa ta ce musu har ƙasa, da bakinta."

Ya sunkuya ya ɗauko kwando na gaba.