Tambayar Oikawa: Wa Ya Zo Ya Saya?

Kafin a ɗaga ƙofar shagon kayan lantarki da ke kusa da tashar jirgin ƙasa a garinmu na Japan, Oikawa Fumie ta riga ta iso a kan kekenta, ta share gaban shago, ta ɗora shayi, ta kunna kwamfutar teburin baya. Teburin nan shi ne wurinta. Ba ya gaba inda ake jera talabijin da tukwanen dafa shinkafa. Can ƙurya yake, kusa da kwalaye, inda mutum ke nufa idan abin da ya saya ya fara ba shi ciwon kai. Ƙarshen watan Maris za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da wani abu, kuma na san garinmu, babu wanda zai yi mata taro. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake wannan rubutu.

Yawancin masu zuwa wajenta tsofaffi ne, rungume da kwamfuta a naɗe cikin ƙyalle, fuska duk a tsorace, wai jan rubutu ya fito yana cewa kariyar da ke hana cuta shiga kwamfutar ta ƙare. In a shago aka sayi kariyar nan, ko ka kira kamfanin da ya yi ta a waya, cewa za su yi ka koma inda ka saya. Wa'adin kuwa yana kan katin shago na wanda ya biya, ba na mai amfani da kwamfutar ba. Don haka Oikawa ba ta fara tambayar sunanka. Sai ta tura maka kofin shayi ta ce, "Wa ya zo ya saya?"

Wata rana mai awara na bayan kasuwa ya bugi ƙirji ya ce, "Ni mana! Wa kike tsammani?"

Ta ce, "Kai? Kai da ba ka shigowa shagon nan sai ruwan sama ya tsare ka?"

Ashe surukinsa ne. Ta buga lambar wayar surukin, sai ga wa'adi ya fito, da saura har bazara. Jan rubutun na 'yan damfara ne. Ta nuna masa inda ranar gaskiya take a cikin manhajar, ta sa shi ya buɗe da hannunsa har ya iya, ya tafi yana gunaguni.

Amma abin da ya sa nake jinjina mata wani abu ne daban, kuma a gabana aka yi shi, na je sayen batir.

Tsoho Tomizawa, wanda ya yi rayuwarsa yana gyaran injin jiragen kamun kifi, shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa Harue. 'Yarsa Kanae tana aure a birnin Sendai, kuma hankalinta ya daɗe a tashe. Ya taɓa barin buta a kan wuta har ta ƙone. Ta riga ta samo masa gurbi a gidan kula da tsofaffi, suka yi ta kai ruwa rana, a ƙarshe ta ce masa in ya sake manta wani abu babba, to magana ta ƙare, zai bar gidansa. Ana cikin haka sai kwamfutar da yake buga wasan shogi, darar Japan, da abokansa ta fito da jan rubutu. Ya dage cewa ƙarya ne, kariyarsa ba ta taɓa ƙarewa ba. Kanae ta kira kamfani, aka ce su je shago.

Shi ya fara shigowa, 'yar tana can tana neman wurin ajiye mota. Ya ɗora kwamfutar a kan tebur, ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya.

"Oikawa-san, duba mini da sauri kafin yarinyar nan ta shigo."

Ta buɗe, ta duba. Ta ce, "Ta ƙare, Tomizawa-san. Tun watan jiya. Wannan gargaɗin na gaske ne."

Tsohon ya ƙara matsowa. Ya ce, "To ki sabunta yanzu, ki ce mata ba ta taɓa ƙarewa ba. Me zai rage ki? Gidana fa za ta raba ni da shi."

Kai, in ni ne a matsayinta, ban san abin da zan yi ba. Tsoho ne da muka tashi muka gani, ga shi yana roƙo. Amma Oikawa ta girgiza kai a hankali ta ce, "Ba zan yi wa 'yarka ƙarya ba. Zauna ka sha shayi, ban gama dubawa ba."

Kanae ta shigo tana huci, ta kalli allon, ta kalli uban. "Ka gani, Baba? Ka gani ko? Tun da safe kake ta yi mini faɗa."

Ya ce, "Ke dai kin fi kowa son ki kama ni."

"Kama ka? Barci ba na iya yi saboda kai!"

Oikawa ta bari suka numfasa, sannan ta yi tambayar da ta saba. "Wa ya zo ya saya?"

Tsoho ya ce, "Saya kuma? Ai da ita kwamfutar ta zo. Da kanta take sabuntawa."

"A'a," in ji Oikawa. Ta juyo da allon teburinta suka gani. Babu sunansa ko sau ɗaya. Sunan Harue ne tun daga farko har ƙarshe. Ta ce, "Kowace shekara bayan girbin shinkafa take zuwa. Ta biya, ta ba ni lambar wayarta, ta ce kada in gaya maka, wai in ka ji ana biyan kuɗi don abin da ido ba ya gani, surutu za ka yi har a shiga sabuwar shekara."

Kanae ta ce, "To ai Mama ta fi shekara biyu da rasuwa. Ya aka yi sai yanzu ta ƙare?"

Oikawa ta ce, "Zuwanta na ƙarshe, ta rame sosai, sai da na ba ta kujera. Ta tambaye ni wanne ne mafi tsawo. Na ce na shekara uku. Ta ce, 'Babu na biyar?' Na ce babu. Ta ce to in ba ta na ukun."

Ni dai batirin da ke hannuna na zuba wa ido.

Sai Oikawa ta juya ga 'yar ta ce, "Maganar buta ban sani ba, wannan tsakaninku ne da likita. Amma wannan dai bai manta ba. Mutum ba ya manta abin da bai taɓa sani ba. Kuma da aka cire sunan mahaifiyarki daga masu samun saƙonmu, ya kamata in kira gidan. Ban kira ba. Ku yi haƙuri." Ta miƙe ta rusuna musu.

Ke ce, Oikawa-san, wadda ba a saye ki da hawaye, ba a kuma tsorata ki da hayaniya. Da kin yi ƙaryar nan, da kin ceci tsohon na rana ɗaya, da kuma ya koma gida bai san abin da matarsa ta yi masa ba. Ke ce kika zaɓi ki ci gaba da dubawa bayan amsar farko ta fito, alhali ba wanda zai ƙara miki ko yen ɗaya a kan haka. Mun gani, kuma mun gode. Matasan da za su gaji teburinki, da duk wanda jama'a ke kawo wa damuwarsu a bakin kanta, ku yi koyi da ita: ku faɗi gaskiya, amma kada ku faɗi rabinta ku tsaya.

Kanae ba ta soke gurbin nan take ba, sai da ta kai uban wajen likita tukuna. Har yau dai Tomizawa yana gidansa. A ranar kuwa, kafin su fita, ya share hanci, ya ciro walat ɗinsa ya ce a buɗe masa kati da sunansa.

Oikawa ta ce, "Na shekara nawa?"

Ya ce, "Ɗaya. In ta ƙare, da ƙafata zan zo daga gidana."

Kanae tana tsaye a bayansa, ta ji, ba ta ce a'a ba.