Sunan da Furera Ta Ƙi Faɗa a Biron Mayahi

A Gidan Amumune ba wanda bai san Furera mai daddawa ba, kuma ba wanda ya taɓa taya ta da faɗa, don bakinta ya ishe ta. Gajeruwa ce, mai ƙaton murya, idan ta yi ciniki a kasuwa sai na bayan gari ya san farashi. Amma wannan baki da bai bar kowa ba, akwai kalma ɗaya da bai taɓa furtawa ba shekara ashirin da biyu, wato sunan mijinta. Haka ta tarar da uwarta da kakarta suna yi. Ko wani ta gamu da shi mai irin sunan, sai ta ce da shi "mai sunan maigida".

Mijin nata Ƙadri ne, maginin rijiya da ke aikin gwamnati. Duk inda aka tura shi gini, in dai ƙafa za ta kai, Furera na biye da ƙwaryar fura a ka. A shekarar da fari ya cinye dabbobi, soja kuma suka karɓi mulki, rijiya ta rufta da shi a garin Sarkin Hausa. Sai da aka yini ana tono kafin a fito da shi. Ya bar mata 'ya'ya huɗu da gona guda da katin aikinsa, wanda laka ta cinye har ba a ganin harafi ko ɗaya.

Tana fita takaba, rumbu wayam, sai ga Alhaji Inusa ɗan kasuwa ya zo da tayinsa: buhu uku na hatsi, ta bar masa gonar. Ya ba ta zuwa ranar kasuwa ta yi shawara. Allah wadaran mai jiran maƙwabci ya faɗi ya sayi takalminsa! A ranar da ya yi tayin ne liman ya gaya mata cewa wanda ya mutu a bakin aikin gwamnati, iyalinsa na da haƙƙi, sai dai ta je Mayahi da kanta.

Ta hau amalanken wani mai kai icce, jakin na tafiya kamar ana roƙonsa. Ta isa da hantsi, ta tarar da ƙofar biro, wato ofishin gwamnati, cike da mutanen ƙauyuka suna layin jar dawar agaji, ga soja da bulala yana gyara layi. Ta ratsa su ta shiga wurin akawu, wani saurayi mai suna Gazali, wanda bai daɗe da barin lakwal, wato makarantar boko, ba, yana ji da alƙalamin da ya soke a aljihu.

Gazali ya juya katin gaba da baya. "Madam, wanga ba ya karantuwa. Mi ne sunan mamacin?"

"Maigidana ne," in ji Furera. "Uban su Lalla."

"Sunanshi nike tambaya."

"Yaro, ni ba a haihe ni in hwaɗi sunan mijina ba."

Gazali ya yi dariya, ya ce tun da fari ya shigo mata nawa suka zo suna cewa su matan matattu ne. Wadda ba ta iya faɗin sunan mijinta ba, ai ba mijinta ba ne. Ko ta faɗa ya nemo dosiye, wato takardun aikin mamacin, ko ta ba na baya wuri.

Furera ta tsaya. Sunan na nan a bakinta, gona na rataye da shi, da abincin yara huɗu. Ta ji tsoro, ba ƙarya. Amma ta tuna mutumin da ta girmama yana raye, ta ga ba za ta zubar da shi a kan teburin yaron da ta haifi kamarsa ba, don kawai ya mutu ba ya nan.

"To, buɗe kunnenka," ta ce.

Ta juya ta fita bakin ƙofa. Sojan ya ɗaga bulala, ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Ɗana, in ka buge ni, ruwan mijina ka sha ka samu ƙarhin." Sojan ya sauke hannu don mamaki. Ta fuskanci layi ta saki muryar kasuwa.

"Jama'a, wa ya gina rijiyar Kanan-Bakashe, gaba talatin da biyu?"

"Ƙadri!" in ji wasu daga baya.

"Ta bakin kasuwa a Gidan Amumune hwa?"

"Ƙadri mai rijiya!" Yanzu rabin layin ne ya amsa.

"Wa rijiya ta ruhe a Sarkin Hausa?"

Wani tsoho ya ajiye buhunsa ya ce, "Ƙadri ne. Da hannuna na tono shi. Allah ya jiƙan shi." Layi duka ya amsa da amin, har sojan.

"Ni hwa, mi nike gare shi?"

Wata mata ta ɗaga murya: "Haba! Ke ce mai kawo mishi hura bakin rijiya, kina yi muna hwaɗa kada mu zuba mishi ƙasa a kai!"

Tun ranar da aka rufe shi Furera ba ta ji an kira sunan da ƙarfi ba. Hawaye suka zubo mata, ta bar su suna zuba, ta koma ciki ta tsaya gaban tebur.

"Ka ji, ko a ƙara maka?"

Gazali bai ɗaga kai ba. Ya tashi ya buɗe kabad, ya fito da dosiye, ya kama babban yatsanta da ladabi ya dangwala a tawada. "Inna, sa nan," ya ce.

Kuɗin ba su fito da wuri ba, aikin gwamnati ne, sai da ta yi zuwa Mayahi sau biyar. Amma ranar kasuwa ta tsaya ƙofar Alhaji Inusa da takardar shaidar da aka ba ta a biro a hannu, ta ce masa ya ba jakinsa buhunan. Kafin kuɗin su iso, da ɗan cinikin daddawa da ganyen tafasa ta riƙe yaran, ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu. Da ruwa ya sauka ta shuka gonar da hannunta.

Ta yi shekara talatin bayan haka tana nomanta. Duk garin "gonar Ƙadri" suke cewa. Ita kaɗai ce har ta koma ga Allah take cewa "gonar maigida".