Turaren da Aka Binne da Umma

Ranar jajibirin Babbar Sallah ce, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. An tafka ruwan sama da safe, kwatar layinmu a Agege ta cika ta tumbatsa, ragunan layya kuma sun ishi gidan da wari. Na dawo daga famfo da bokiti a ka, ƙafafuna duk caɓi, na tarar da Umma ta baza tabarma a ƙofar ɗakinmu tana tace wani mai kore-kore da farin ƙyalle, yana ɗiga cikin 'yar kwalba. Ta jawo ni ta dangwala mini ɗigo ɗaya a bayan kunne. Wani sanyi ya ratsa ni, irin na ruwan randa, sannan ƙanshin fure ya biyo baya a hankali, har na manta da raguna.

Gidan haya ne mai ɗakuna suna kallon juna, kowa ya san abin da ke tukunyar kowa, amma babu wanda ya san haɗin turaren nan. Ni dai na san akwai ɗoɗɗoya da na'a-na'a, domin ni ke ba su ruwa a gwangwanin fenti kafin in tafi makaranta. Na san akwai saiwar jema mai ƙanshi da ake kawo mata daga Arewa a motar goro, da man wardi. Sauran kuwa sai ta kore ni waje wasan 'yar carafke take zubawa. Maƙwabciyarmu Iya Basira ta yi roƙo da Yarabanci ta yi da Hausa, Umma ta yi dariya kawai. A dangin Umma uwa ba ta faɗin haɗinta sai ga 'yarta, ita ma sai an sa ta a lalle. In na dame ta sai ta ce, "Gaggawar me kike yi? Ranar lallenki zan raɗa miki a kunne."

Da ƙanshin nan nake gane ta. Ko a cikin danfo, ƙaramar bas ɗin haya, tsakanin gumi da hayaƙi, in na cusa fuskata a mayafinta sai duniya ta yi mini daidai.

Ina shekara goma sha uku ciwo ya kwantar da ita. Aka kai ta asibiti a Idi-Araba, ba ta dawo da ƙafarta ba. Gwaggo Hajara, yayar Babanmu, ita ta yi mata wanka. Ta leƙo daga bayan labule ta ce a miƙo turaren mamaciya, don a sa wa likkafani kamar yadda aka saba. Kwalba ɗaya ce ta rage, kuma a hannuna take. Na riƙe ta gam, na ce a bar mini ko rabi.

"Haba 'yar nan," in ji Gwaggo, "uwarki za ki yi wa rowa yau?"

Na sakar mata. Ta juye shi tas, don a ganinta gata ke nan na ƙarshe. Da aka fito da makara gidan gaba ɗaya ya ɗauki sanyin ƙanshin, mata suna ta cewa alamar dacewa ce. Ni kuwa ina kallon abu biyu suna fita ta ƙofa ɗaya, kuma na ji haushin Gwaggo shekara da shekaru, alhali ba ta yi laifin komai ba.

An sa ni a lalle da turaren kanti. Babu wanda ya raɗa mini komai.

Yanzu an rushe gidan an yi shaguna. Na dasa ɗoɗɗoya, na sayi jema, na ɓarnatar da mai ba adadi, kullum sai abin ya fito ko da zafi ko da zaƙi. Wani Buzu mai turare a bakin tasha ya sha shafa mini kala-kala a hannu, har ya gaji ya daina kirana. Da, ina sunsunawa nake sanin ba shi ba ne. Abin da ke karya mini zuciya shi ne yanzu na fara kokwanto. Kwanan baya 'yata, mai sunan Umma, ta ɗauko tsohuwar kwalbar ta buɗe, ta ce ita ba ta ji komai ba. Na karɓa na sunsuna, na daɗe ina jira. Ko yau aka kawo mini turaren Umma, ba na jin zan gane shi.