Na Riƙe Numfashina a Bahar Maliya

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, amma duk mai shiga ruwa tsakanin Talata Mafara da Maradun zai gane ni kafin ya kai rabin wasiƙar nan, kuma ko a jikina.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da huɗu, ina noman shinkafa a gonakin dam ɗin Bakalori. Gidanmu gidan malamai ne, mahaifina yana ba da karatu a zaure, 'yan'uwana duk sun bi sahunsa. Ni ne na fita zakka. Na yi karatun daidai gwargwado, amma tun ina ƙarami ruwa ya tafi da hankalina. Ina iya cika ƙirjina da iska in nutse gaba biyar ko shida, in daɗe har na kan tudu su fara salati. Saboda haka duk wanda ruwa ya ci a yankinmu ni ake kira in lalubo shi, kuma ban taɓa karɓar ko sisi ba. Ina taƙama da wannan baiwa, taƙama ba kaɗan ba.

Sai wata damina kwale-kwale ya kife da ƙanena. Yana dawowa ne daga wajen Maradun, ya bi ruwa saboda hanyar mota ba ta da tsaro. Inda ya nutse ya fi ƙarfin numfashina. Kwana huɗu ina shiga ina fitowa hannu wofi, har jini ya riƙa zubo mini ta hanci. Ranar da ya taso da kansa ba a iya yi masa wanka yadda ya kamata ba, ruwa kawai aka kwarara masa. Mahaifina, wanda ya wanke gawar mutane ba adadi, ya tsaya yana kallon ɗansa bai iya taɓa shi ba. A gaban kabarin na ƙudurta cewa sai na koyi nutso irin na masu goya tukunyar iska a baya, su sauka inda numfashin mutum ba ya kaiwa.

Da na faɗi niyyata gari ya ɗauka. Wasu suka ce ɗan malam zai tafi wasan ruwa irin na Turawa, wasu suka ce baƙin ciki ya taɓa mini ƙwaƙwalwa. Mahaifina kaɗai ya tsaya mini. Ya ce fito da mamaci a yi masa sutura wajibi ne a kan al'umma, idan mutum ɗaya ya ɗauke ya sauke wa kowa, don haka in tafi da albarkarsa. Na sayar da babur ɗina da shinkafar shekarar, na zauna zaɓen inda zan je.

Wata guda na yi ina bincike a waya, domin so nake in yi wata uku ina koyo, kuma aljihuna ba mai zurfi ba ne. Na fara duba Legas, na tarar makarantun da na samu na masu neman aikin kamfanonin mai ne, kuɗinsu ko gonata na sayar ba zai kai ba. Na duba Zanzibar, kuɗin jirgi da na masauki suka kore ni. Sai na tsaya a kan wani ƙaramin gari a gaɓar Bahar Maliya a ƙasar Masar. Ƙasar Musulmi ce, ɗaki da araha, da wake da gurasa mutum zai rayu, ga shi ina jin Larabci. Har yau ina cewa ban yi kuskuren ƙasa ba. Larabcin nawa dai dariya ya riƙa ba su, suna cewa ko ruwan sha zan saya kamar huɗuba nake yi.

Kuskuren a cikin garin na yi shi. Na sami wurare biyu da ke koyarwa. Na farko mai tsada ne, kuma malamin ya ce sai na yi mako guda a cikin kwamin wanka da ruwansa bai wuce ƙirji ba, ina durƙushe ina koyon cire bututun numfashi daga baki ina hura kumfa. Na gaya masa ni ne ake kira idan ruwa ya ci mutum a ƙasarmu. Ya ce ai shi ya sa ni sai na yi mako biyu ma, domin irinmu masu nutso da numfashin ƙirji mun fi ba shi tsoro a kan wanda bai taɓa ganin kogi ba. Raina ya ɓaci, na ɗauka raini ne don ya ga baƙar fata. Na fita ko sallama ban yi masa ba. Na biyun kuwa rabin kuɗin ya nema, ya dafa kafaɗata ya ce mutum kamata ba ya buƙatar wasan yara, gobe ma sai teku. Ya faɗa mini abin da nake son ji, ni kuma na ba shi kuɗina.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya gaya mini ƙa'idar. Ya ce duk wanda ya shaƙi iskar tukunya a ƙasan ruwa kada ya kuskura ya riƙe numfashi yana hawa sama, domin iskar matsattsiya ce, tana kumbura yayin da mutum ke tasowa, idan ba ta sami hanyar fita ba sai ta yaga huhu. Sau ɗaya ya faɗa, muna cikin jirgin ruwa yana shan shayi. Na ji, na gane, na gyaɗa kai. Abin da ban sani ba shi ne, kunnena ne kawai ya ji. Jikina ya yi shekara ashirin da wata ƙa'idar dabam, wadda ita ta raya ni a Bakalori: ka kulle bakinka, kada ka saki iska sai ka ga rana.

Kwana takwas komai lafiya. Na ga kifaye masu launin da ko a zanin mata ban taɓa gani ba, na zauna a zurfin da ya hana ni ƙanena ina numfashi kamar ina kan tabarma. Na yi kuka a cikin gilashin fuskata. A rana ta tara muna ƙasan ruwa, wani ɗan koyo da ke gabana ya harba ƙafa, takalmin robarsa ya fizge bututun daga bakina, ruwan gishiri ya shiga hancina. Ban yi tunanin komai ba. Na kulle baki na harba sama da duk ƙarfina, yadda na yi sau dubu a gida. Kafin in kai sama na ji wani abu ya tsage a ƙirjina kamar an yaga sabon yadi. Na fito ina tarin kumfa da jini.

Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti da roba soke a haƙarƙarina, sannan aka hana ni hawa jirgin sama sai da na ƙara makonni. Guzurin wata uku a nan ya ƙare. Likitan ya zaunar da ni ya ce huhun ya warke amma ya bar tabo, kada in sake goya tukunya har abada, kuma nutso mai zurfi ko da numfashina ne in haƙura da shi. Mai araha bai leƙo ni ko sau ɗaya ba. Wancan malamin da na fita ban yi wa sallama ba shi ya zo da lemo, bai kuma ce ai ya gaya mini ba.

Na dawo gida na tarar an riga an gama yi mini hukunci. A majalisa ana cewa ga abin da son kwaikwayon Turawa ke jawowa, mai gona ya tsaya a gonarsa. Har da waɗanda na taɓa fito musu da 'yan'uwa daga ruwa. Mahaifina addu'a kawai ya yi mini, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Daminar da ta wuce ruwa ya ci wani magidanci daga wajen Bakura. Aka zo aka kira ni saboda sabo. Na tsaya a bakin ruwa da kayana a jiki, matarsa ta dube ni ta tambayi abin da nake jira. Na juya na koma gida. Sai da mijin nata ya kwana uku a ruwa kafin ya taso.

To, masu cewa da ban je ba, su je su maimaita wa matar nan. Ban yi nadamar tafiya ba ko ta ƙwayar gero, kuma ba zan nemi afuwar kowa ba don na so a riƙa binne mutanenmu da mutunci. Nadamata ɗaya ce: na zaɓi wurin da ya yabe ni na bar wanda ya so ya gyara ni. Duk mai shirin irin wannan tafiya da ƙaramin guzuri, ka nemi araha a masauki, ka nemi araha a abinci, ka kwana a tabarma in ta kama, amma kada ka nemi araha a wajen wanda zai koya maka numfashi. In kuma ka ƙware a ruwa tun a gida, ka fi kowa zama cikin haɗari.

Yanzu akwai masunta biyu, magidanta, da muke haɗa wa guzuri su tafi bayan girbi, ko majalisa ta so ko ta ƙi. Ni na zaɓa musu wuri, kuma kun san wanne ne. Na gaya musu za a durƙusar da su a ruwan da bai wuce ƙirji ba, da gemunsu da komai, suna hura kumfa mako biyu. Na ce duk wanda ya ji girman kai ya taso masa a cikin kwamin nan, ya tuna ni tsaye a bakin dam da busasshiyar riga.