Ɗarin Ƙanena da Ɗarina

Shekarun baya kaɗan, ina zaune lafiya a ɗakina nan Madarunfa, ina matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. Ni ba mai fita ba ce, ko kasuwa sai ta kama dole. Dukiyata kaf a duniya saniya ce guda, fara mai baƙin kunne, wadda mahaifiyata ta kawo mini daga Safo da ta ga ƙarfinta ya fara kasawa. Da ƙafarta ta rako ta har ƙofar gida.

Ƙanena kuwa ya daɗe a Kano yana gyaran waya. Wata rana ya aiko mini da saƙon murya, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a ji. Wai akwai wani mutum da ke tara tsofaffin kuɗin ƙarfe, yana neman ɗari ta sefa wadda aka buga a wata shekara, guda ɗaya yana biyan abin da ya fi kuɗin rago. Ya faɗi shekarar sau biyu. Ni dai kunnena ba ya yar da magana, don haka na haddace ta, na je wurin mushen lakwal, wato malamin makaranta, da ke maƙwabtaka da mu ya rubuta mini a bayan kwalin ashana. Ya tambaye ni ta mece ce, na ce shekarar haihuwar wata ce. Wayo nake yi, kar wani ya riga ni.

To ɗari ba ƙaramin kuɗi ba ce. Ita ce babbar nan mai kala biyu, kuma in kana son ka duba da yawa sai da jari. Maigidana ya ce in bari. Na yi kwana uku ina lissafin raguna a kaina, ran na huɗu na sa aka kai saniyar kasuwar Gabi. Na ce wa kaina kafin damina zan fanso ta, har da ƙari.

Daga nan matar da ba ta fita ta koma 'yar yawo. Na fara da mai injin niƙa na unguwarmu, na bi masu kabu-kabu a tasha, na je bakin tafki wurin masu sayen kifi, na roƙi mai sayar da ruwa a famfo ya riƙa ajiye mini. Har banki na shiga a Maraɗi, wata mai tabarau ta dube ni sama da ƙasa ta ce su ma nema suke. Canji yana da wuya a ƙasar nan, kowa ya sani, don haka babu mai ba ka a banza. A kan kowace goma sai na bar musu ɗaya. In na gama dubawa kuma na kai wa masu kanti su ba ni takarda, babu mai ƙara mini ko dala, sai godiya. Ga kuɗin mota, ga tuya na daina, cefane ma daga ciki yake fita.

Da hantsi nakan baza su a faranti, kwalin ashana a gefe, ina juya su ɗaya bayan ɗaya ina gwada lamba da lamba, tunda karatuna bai wuce nan ba. Yatsuna suka yi baƙi, suna warin ƙarfe ko na wanke. Mai injin nan kullum sai ya ce yana da 'yan ashirin cike da gwangwani, in ɗauka ko babu ladan komai, sun dame shi. Ni kuwa in ce masa me zan yi da tarkace.

Wata biyar ina wannan. Da ƙanena ya zo hutun salla, ya tarar da ni gaban faranti, sai ya tsaya yana kallo.

"Yaya, waɗannan fa?"

Na ce ɗarin da ya ce mana. Ya fara dariya, sai kuma ya ga fuskata ya daina. Ya sa hannu a kwanon cinikina ya ɗauko 'yar farar nan ƙarama.

"Wannan ce ɗari."

"Kai dai Kano ta ɓata ka. Wannan ai ashirin ce."

Ya juya ta ya nuna mini ɗaya da sifili biyu a jikinta. Mu nan da dala muke ƙirga, kowace dala sefa biyar ce, ɗarinmu kuwa sefa ɗari biyar, abin da aka rubuta a jikin kuɗi ba ruwanmu da shi, shi kuwa bakinsa ya koma irin na can, abin da ya gani a rubuce shi yake faɗa. Da muka kira mushe, ya duba kwalin ya ce a waccan shekarar ba a ma fara buga babbar ba. Mai sayen kuma tuni ya samu abin da yake so ya rufe.

Abin da ya rage a hannuna ɗan akuya ya saya. Ban yi kuka ba sai da na hau amalanke zuwa Safo, don maigidana ya ce ba shi zai faɗa wa Inna ba. Na tarar da ita tana tsintar wake. Na zayyana mata komai, ina jiran faɗa. Ba ta tambayi nawa aka saye ta ba, ba ta tambayi nawa ya rage ba. Sai ta ce:

"Wanda ya saye ta, kin gaya masa ba ta cin dusa sai an jiƙa?"

Ban gaya masa ba. Ban ma san ko wane ne ba.

Inna ta rasu bayan shekara biyu, ba ta ƙara tayar da maganar ba ko sau ɗaya, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutane suna cewa ai ya wuce, kuma gaskiya ne, na koma tuyata, muna ci muna sha. Da ƙanena ma muna dariyar abin wani lokaci. Amma 'yan uwa, ban sake mallakar saniya ba, kuma a yadda abubuwa suke ba na jin zan sake. Tambaya ɗaya ce ban yi ba, don kar a ce ban gane ba. Yanzu in mai saye ya miƙo mini ashirin, jefa ta nake a kwano ban juya ta ba. Tsoro nake kar in ga shekarar.